Fankar Ɗaki Dabam, Ta Rumfa Dabam: Abin Lura Ga Magidanta A Kagarko

Duk wanda ya san Kagarko, wadda ke kudancin Jihar Kaduna a kan iyaka da Babban Birnin Tarayya, ya san cewa rumfar ƙofar gida ita ce majalisar mai gida. A nan ake karɓar baƙi, a nan ake cinikin citta bayan an haƙe ta, a nan kuma dattawa ke shan iska idan ɗaki ya gagari zama a watannin Maris da Afrilu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga magidanci ya rataya fanka a rumfarsa. Sai dai sau da yawa fankar ɗaki ake saya a kai waje, damina ɗaya ko biyu ta yi tsatsa ta tsaya, kuɗi kuwa sun tafi.

Dalilin haka a fili yake. Kudancin Kaduna ya fi Kano da Katsina samun ruwan sama, ana yinsa tun daga Afrilu har zuwa Oktoba. Rumfa ba ta da bango, don haka iska kan koro feshi har cikinta, da asuba kuma raɓa ta sauka. Fankar ɗaki ba a rufe injinta yadda zai hana danshi shiga ba. Idan danshi ya kai ga wayoyin da aka naɗa a ciki, injin yakan ƙone, wani lokaci ma wuta ta bi jikin ƙarfen ta ja duk wanda ya taɓa shi. Damina na wucewa kuma sai hunturu ya zo da ƙurarsa, ta cika injin ta sa shi nauyi da ƙara.

To, abu na farko da ya kamata mai saye ya duba shi ne rubutun da ke jikin kwali. Akwai alamar IP wadda lambobi biyu ke bi. Ta farko tana nuna ƙarfin kariya daga ƙura da tarkace, ta biyu kuma daga ruwa. Fanka mai IP44 tana jure feshi daga kowane ɓangare, ita ce mafi ƙaranci da ya dace da rumfa buɗaɗɗiya. Har ila yau a nemi shaidar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON, domin jabu ya yi yawa a kasuwa.

Abu na biyu shi ne fuka-fukai. Na katakon da aka matse daga garin itace sukan sha danshi su lanƙwashe, na baƙin ƙarfe kuma su yi tsatsa. Da zarar ɗaya ya fi sauran nauyi, sai fanka ta riƙa rawa tana sassauta kusoshinta. Na roba mai tauri da na alminiyam su ne ke jure waje. Game da girma kuwa, mai inci 48 ta isa ƙaramar rumfa, mai inci 56 kuma ta dace da mai faɗi. Idan rumfar doguwa ce, gara a rataya ƙanana biyu da a dogara ga babba ɗaya.

Sai batun wuta. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa 2013 da aka miƙa rarraba lantarki ga kamfanoni masu zaman kansu, ɗauke wuta bai daina damun jama'a ba, shi ya sa gidaje da dama suka koma ga sola da batir. Fanka irin ta da takan ci wat 60 zuwa 80, alhali kuwa sabon samfurin da ake kira BLDC yakan ci wajen wat 30. Ya fi tsada wajen saye, amma ga mai batir wannan na nufin ninka sa'o'in da zai sha iska kafin caji ya ƙare.

Amma ko fanka ta kai kyau, idan aka rataya ta ba daidai ba haɗari ce. Ya kamata fuka-fukan su yi nisan aƙalla ƙafa 7 daga ƙasa, don kada mai ɗauke da kaya a ka, ko wanda ya ɗaga hannu zai gyara babbar riga, ya ji ciwo. Kada a ɗaura ta a jikin azara ko katakon da gara ta fara ci, a kafa ƙarfe daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi a ɗaure ta da shi. A zura waya cikin bututun roba, a haɗa wayar da ke kai wuta ƙasa, makunnin kuma a sa shi inda feshi ba ya kaiwa. Wannan ya fi zama wajibi a rumfar ciyawa ko ta zana, inda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara a lokacin hunturu. Aikin na ƙwararren mai gyaran wuta ne, kada a bar wa yaran gida.

Yana da kyau kuma a san iyakar amfaninta. Fanka ba ta sanyaya iska, gumi take busarwa jiki ya ji sanyi. Idan rufin kwano ne babu silin, zafin kwanon za ta riƙa turowa kan mutane da tsakar rana, sai an shimfiɗa silin ko tabarma a ƙarƙashinsa. Iskarta tana rage damun sauro da magariba, domin sauro ba shi da ƙarfin tashi cikin iska, amma ba ta zama madadin gidan sauro ga mai kwana a waje ba.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Magidancin da ya tsaya ya karanta kwali, ya auna tsayin rumfarsa, ya kuma biya ƙwararre ya haɗa masa, shi ne zai ga damina ta zo ta wuce fankarsa na juyawa.