Darasin kimiyyar da ke zauren mai alewa

Idan lokacin ziyarar buɗe ido ya zo a makarantun Kano, wuraren da ake kai yara sanannu ne: gidan zu, Gidan Makama, wani lokaci filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Ba kasafai ake tunawa da zauren mai alewa ba, alhali awa ɗaya a can kan nuna wa yaro yadda zafi ke sauya abu fiye da rubutun mako guda a allo.

Kayan aikin ba su da yawa: tukunya, sukari, ruwa, ɗan lemun tsami ko tsamiya, sai ƙusa babba da aka kafa a bango.

Da dafuwa ake farawa. Ruwa zalla yana tafasa ne a maki 100 na ma'aunin Salshiyos, amma yayin da ruwan ke ƙafewa sukarin na yin kauri, zafin yakan haura har ya doshi 150. Mai alewa ba ya buƙatar na'urar awo. Yakan ɗiga kaɗan a kwanon ruwan sanyi: in ya dunƙule da laushi, da saura, in ya ƙame ya karye, an kai. Tsamin da ake zubawa kuwa ba don ɗanɗano kaɗai ba ne, shi ke hana sukarin komawa tsaki-tsaki idan ya huce.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalin yara shi ne ja. Bayan dafaffen sukarin ya ɗan sha iska, sai a rataya curin a ƙusa, a ja, a ninke, a sake ja, ba tsayawa, domin da ya yi sanyi aiki ya ɓaci. A kan idonsu abin da ya sauka daga wuta da launin zuma zai koma fari yana sheƙi, ba tare da an ƙara masa komai ba. Iska ce. Kowace ninka tana kulle ƙananan kumfa a ciki, su ne ke watsa haske su mayar da curin fari, su kuma sa alewar ta yi garas-garas a baki. Malamin da ya bar yara su fara yin hasashe kafin ya ba su amsa ya fi cin ribar tafiyar.

Sai dai ziyarar na son shiri. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa ƙuna, kuma manne wa fata yake yi, don haka a tsayar da yara nesa da murhu. Ya dace kuma su yi tambaya kan wankin hannu, rufe alewa daga ƙuda da ƙura, da irin kalar da ake zubawa.

Akwai darasin lissafi ma. Mafi yawan ɗanyen sukarin da matatun Najeriya ke tacewa daga Brazil ake shigo da shi, saboda haka idan dala ta tashi sai buhu ya tashi. Mai alewa, wanda cinikinsa na ƙananan kuɗin yara ne kuma yana gogayya da minti na leda, ba ya iya ƙara farashi yadda yake so. Abin da yakan yi shi ne ya rage girman yanka.