Ko Ka San Saiwar Da Ke Sa A Kori Doki Daga Fili?

A cikin yashin hamadar Kalahari, yankin da ya ratsa Namibiya da Botsuwana da Afirka ta Kudu, akwai wani tsiro mai yaɗo da ke shimfiɗe a ƙasa kamar guna. Furensa ja-ja ne mai kyan gani, amma ɗansa abin gudu ne. In ya bushe sai ya zama kamar katako mai hannuwa a baje, kowane hannu da ƙugiyoyi a bakinsa, ya kwanta cikin yashi yana jiran ƙafar da za ta taka. Ƙarangiya da tsidau wasan yara ne a gabansa. Dabbar da ta taka shi ya maƙale mata a kofato ke nan, ta yi ta ɗingishi tana jansa, kowane taku yana farfasa kwanson, iri yana zubewa a hanya. Da haka tsiron yake yaɗuwa. Turawa suka sa masa sunan da ke nufin farcen shaiɗan, masana tsirrai kuma suka kira shi Harpagophytum procumbens, daga kalmar Girkanci ta ƙugiya. To wannan tsiro da ke gurgunta dabba da ɗansa, saiwarsa ce yau ake zuba wa dawakin Turai da Amurka a abinci idan ƙafa ta yi tsami. Kuma duk da munin sunan, ba bare ba ne a wurinmu, domin dangi ɗaya suke da riɗi da karkashi.

Maganin yana can ƙarƙashin ƙasa. Tsiron yana da uwar saiwa guda, daga gare ta wasu 'ya'yan saiwa masu kama da dankali suke fita, suna ajiye ruwa da abinci don rani. Su ake nema. Mai haƙa da ya san aikinsa yakan tone gefe ɗaya kawai, ya kwashi 'ya'yan, ya bar uwar, ya mayar da ƙasa, domin a sake samun abin haƙa bayan 'yan shekaru. Ana yanyanka saiwar fale-fale a shanya, kuma saboda kusan duk ruwa ce, buhu goma na ɗanye da kyar ya ba da buhu ɗaya in ya bushe. Ɗacinta kuwa sai wanda ya lasa. Mutanen San da maƙwabtansu sun daɗe suna shan ta don zazzaɓi da ciwon ciki da ciwon gaɓoɓi, kuma yau Namibiya ce kan gaba wajen fitar da ita, ɗaruruwan tan a shekara, akasari zuwa Jamus da Faransa. Daga nan wani kaso yake komawa gari ko ruwan kwalba, da hoton doki a jikin mazubin, da alkawarin cewa wannan na Allah ne, babu sinadari.

A wannan alkawari ne maganar take. Tun daga farkon shekarar 2016, hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, mai hedikwata a birnin Lozan na Suwizalan, ta sa harfagosaid, wato sinadarin da ake auna ƙarfin saiwar da shi, cikin jerin magungunan da ba a yarda a same su a jikin doki ranar gasa ba. Ana iya ba doki a gida, amma in aka ɗebi jini ko fitsarinsa a fili aka gani, an soke sakamakon. Hukumar da ke lura da dawakin miliyoyin daloli ba za ta ɓata lokacinta a kan garin da ba ya komai ba. Ta sa shi a layi ɗaya da magungunan asibiti ne don tana ɗaukarsa abin da zai iya ɓoye ɗingishi. Masu bincike a jami'ar likitancin dabbobi ta Biyana sun kuma nuna cewa sinadarin yana shiga jinin doki cikin kimanin rabin sa'a bayan an ba shi, ya kai ƙololuwa wajen sa'a guda. A jikin mutane ma an gwada saiwar a kan masu ciwon baya, an ga ta fi maganin bogi rage zafi na ɗan lokaci. Kuma ba ita ce farkon tsiron da ya jawo wa mahayi kuka ba. A gasar Olamfik ta 2008, da aka yi wasannin dawakinta a Hon Kon, an dakatar da dawakin tsalle huɗu saboda kafsaisin, sinadarin da ke sa barkono yaji, har ƙasar Norwe ta rasa lambar tagullar da ta riga ta ci. Barkonon da muke dakawa a yaji, shi ya ƙwace wa ƙasa guda lamba.

Saboda haka mai sayarwa ba zai ci riba biyu ba. In saiwar tana kashe zafi, to magani ce, tana da awo, tana da illa, tana da wanda bai kamata a ba shi ba. In kuwa ba ta da illa ko kaɗan don ba ta yin komai, kuɗin mai doki ne ya tafi a banza. Ni dai na fi karkata ga na farkon, kuma shi ya sa nake ganin haɗarinta ya fi girma ga dokin da ba shi da takalmi fiye da kowane doki.

Al'adar cire wa doki takalmin ƙarfe ta yi ƙarfi a Yamma daga shekarun 1990, ta hannun mutane irin su likitar dabbobi Bajamushiya Hiltrud Strasser da Ba'amurke Jaime Jackson, wanda ya bi dawakin daji na yammacin Amurka yana nazarin kofatonsu. A ƙasar Hausa wannan ba labari ba ne, akasarin dawakinmu haka suke hawan salla da kofatonsu tsirara. Matsalar 'yan Yamma ita ce dokin da ya shekara goma cikin ƙarfe, ranar da aka cire masa sai ya riƙa taka tsakuwa kamar ɗan birnin da aka ƙwace wa takalmi a gona. Masu wannan ra'ayi suna kiran lokacin da zangon sabo, kuma a zangon nan ne ake buɗe kwalabe: farcen shaiɗan, kurkum, ɓawon itacen wilo wanda kakan asfirin ne, da ƙaron wata bishiyar Indiya 'yar'uwar hano ko ararraɓi.

Sai an leƙa cikin kofaton kafin a gane abin da ake wasa da shi. Doki a kan yatsa ɗaya yake tsaye a kowace ƙafa, kofato kuma farcen yatsan ne. Ƙashin ƙarshe da ke ciki ba a kan tafin kofaton ya zauna ba, a rataye yake daga bangon. Tsakanin ƙashi da bango akwai wasu siraran ganyayyaki kusan 600, kowanne ɗauke da ƙanana 150 zuwa 200, na nama da na farce sun sarƙe da juna kamar an cusa shafukan littafi biyu cikin juna. Dabba mai kilo 500 a kan wannan saƙa take sukuwa, kuma wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin a ƙafafun gaba yake. In saƙar ta fara saki, ƙashin ya karkata ko ya nutse, wani lokaci har ya huda tafin ya leƙo. Wannan ita ce cutar laminaitis. Duk wanda ɗan-karkare ya taɓa kamawa ya san yadda ciwo yake a ƙarƙashin farce inda nama ba shi da wurin kumbura, to a ɗora masa nauyin jiki duka a kan yatsan. Dokin da ta kama yakan miƙa ƙafafun gaba ya jingina baya kamar mai shirin zama, kofaton ya yi ɗumi, jijiyar bayan dunduniya tana bugawa da ƙarfi. Cutar nan ce ta kashe Secretariat, dokin da ya cinye manyan tsere uku na Amurka a 1973, aka yi masa allurar hutu a watan Oktoba na 1989. Ita ta gama da Barbaro a Janairun 2007, bayan likitoci sun yi wata takwas suna ɗinke masa karaya.

Farkon wannan cuta ba ya zuwa da ganga. Alamarsa ta fari ita ce dai abin da ake kira tsamin ƙafa: doki ya rage tsawon taku, ya guji tsakuwa, ya yi nauyin juyawa. Ido ba ya raba shi da tsamin sabo, ko na mai yankan kofato da ya zarce ya rage kaurin tafi, ko na ƙurjin da ke tara mugunya a ciki. Abubuwa huɗu, magani huɗu daban, alama ɗaya. In aka dusashe alamar, dokin zai sake jiki ya yi tafiya, mai shi ya ga sauƙi ya ɗaura sirdi, alhali kowane taku yana ƙara yage saƙar da ta riga ta yi rauni. Zafin nan shi ne kaɗai abin da ke sa doki ya tsaya ko ya kwanta a lokacin da tsayawar ce ke ceton ƙafarsa.

Akwai kuma hujjar da ta fi wannan nauyi. A 2007, masu bincike a Jami'ar Kwinslan ta Ostareliya, ciki har da Farfesa Chris Pollitt, suka ɗura wa ƙananan dawaki masu lafiya sinadarin insulin ta jijiya ba yankewa. Cikin kwana uku duk sun kamu da laminaitis. Wani binciken a Finlan ya gano cewa kusan tara cikin goma na dawakin da aka kawo asibiti da cutar suna da matsalar insulin ko ta wani ƙullin ƙwaƙwalwa. Ma'ana tushen ciwon ƙafar a komin abinci yake: ɗanyar ciyawa mai zaƙi, hatsi fiye da kima, ƙiba, rashin motsi. Kuma a irin wannan nau'in, kumburi ba shi ne jagora ba, ganyayyakin miƙewa suke yi su yi laushi. Maganin kumburi, na ganye ne ko na kwalba, bai taɓa tushen ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ingarman da aka ɗaure a turke ana ɗura masa dawa da dusa don ya yi ƙiba kafin salla yana kan hanya ɗaya da dokin Bature da ke kiwo a ciyawar bazara.

Mai kare saiwar zai ce, to ai ta fi fenilbutazon, maganin da masu dawaki ke kira but, wanda kowa ya san yana jawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda da hanji in an daɗe ana bayarwa. Wannan gaskiya ce, kuma ga tsohon doki mai sanyin gaɓoɓi da likita ya riga ya duba, ba na ganin laifin gwada ta. Amma but an san awonsa, an san ranar da ya kamata a tsaya. Saiwar kuwa ƙarfinta yana bambanta daga buhu zuwa buhu, har akwai wani ɗan'uwanta mai suna zeyheri da ake haɗawa da ita, wanda sau da yawa bai kai ta ƙarfi ba. Masu sayarwar da kansu suna rubuta cewa kada a ba goɗiya mai ciki, kuma a yi hattara da doki mai gyambon ciki. Wanda ke ganin duk abin da ya fito daga itace lafiya ne, ya tambayi masu barga a Amurka labarin baƙin gyaɗar Turawa, wato itacen walnot: in ɓarzar katakonsa ta gauraya da shimfiɗar barga, doki yana tsayawa a kai kawai ya kamu da laminaitis cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wani zai ce rashin tausayi ne a bar dabba cikin zafi. Babu mai cewa a bar ta. Dokin da laminaitis ya kama dole a kashe masa zafi, amma bayan an gane cutar, an ɗauki hoton ƙafar, an tsare shi a kan yashi mai laushi, an janye hatsi, an auna insulin. Pollitt da abokin aikinsa Andrew van Eps sun ma nuna cewa tsoma ƙafa cikin ruwan ƙanƙara da wuri yana kare ganyayyakin a nau'in cutar da ke biyo bayan gubar ciki. Dokin da tafinsa ne kawai bai yi kauri ba kuwa, takalmin roba mai soso da ake saka masa a cire ya fi masa kowace kwalba, domin ya raba shi da tsakuwar ba tare da ya rufe bakin ƙafar ba. Sauran aikin na lokaci ne. Kofato yana tsiro milimita 6 zuwa 10 a wata, sabo bai sauka daga sama zuwa ƙasa sai an yi wata tara zuwa shekara. Hatta dawakin dajin da ake kafa hujja da su, da aka duba na hamadar Ostareliya an tarar da yawansu suna ɗauke da tabon tsohon laminaitis.

Wannan duk ba suka ba ce ga barin doki ba takalmi. A gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, Suwidin ta ci zinare a tsallen ƙungiya, kuma biyu daga cikin dawakinta uku, All In na Peder Fredricson da King Edward na Henrik von Eckermann, ba ƙarfe a ƙafarsu suka yi ta haura shingayen da suka wuce mita ɗaya da rabi. Filin da suka taka yashi ne da aka gyara aka daidaita, kuma bisa dokar 2016 babu ɗayansu da zai iya shigarsa da harfagosaid a jini.