DARE NE KE GABA, RANA NA BIYE

Idan dattijo a Daura ya ce za a yi saukar Alƙur'ani a daren Juma'a, to ranar Alhamis bayan magariba yake nufi. Ɗan makarantar da ya saba da agogo, wanda kwanansa ke juyawa da ƙarfe 12 na dare, sai ya zo ran Juma'a da almuru, ya tarar an watse tun jiya.

Lissafin dattijon ba nasa ba ne shi kaɗai, daɗaɗɗe ne ƙwarai. A Ibrananci, harshen Attaura, ana ce wa dare "laila", a harshen Aramiya kuwa "leliya", tushensu ɗaya da "lailu" ta Larabci, wadda kowane almajiri ya sani a Lailatul Ƙadari. A farkon Littafin Farawa, wajen ƙirga kwanaki shida na halitta, maraice ake fara ambata kafin safiya. Har yau Yahudawa suna shiga Asabar ɗinsu tun faɗuwar ranar Juma'a. Haka Musulmi: in Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin wata, a daren nan masallatan Daura za su fara asham, alhali ba a kai azumi ko ɗaya ba.

Bahaushe ma da dare yake ƙidaya. Kalmar "kwana" ita ce barcin dare, ita ce kuma ma'aunin tafiya, da suna, da sadakar uku da ta arba'in.

Ibraniyawa sun kasa dare kashi uku saboda masu gadi, mu kuwa muna da almuru, da lisha, da talatainin dare, da asuba. Amma a wurinsu dare ba mahutar bawa ba ne kawai. Da tsakar dare aka buɗe wa Bani Isra'ila hanyar fita Masar, kuma babin Littafin Daniyel da aka rubuta da Aramiya ya nuna cikin wahayin dare aka bayyana masa mafarkin Nebukadnezzar.

Mutanen Daura ba sa buƙatar a yi musu tafsirin wannan. Bisa ga labarin kaka da kakanni, da dare Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa ta ce sai Juma'a, ya ɗauki guga ya nufi Kusugu. Gari na barci ya sare kan macijin. Da safe sai neman mai takalmi kawai ya rage wa Sarauniya Daurama.