Ko Ka San Abin da ke Cikin Tabarmar Soson Jarirai?

Ko ka san cewa tabarmar soson nan mai launi-launi da ake shimfiɗa wa jarirai su koyi zama da rarrafe, mafi yawan jikinta iska ce? Robar da ke ciki kaɗan ce. A masana'anta ana narka wata roba mai suna EVA, wadda ake yin silifas marasa nauyi da ita, a zuba mata wani garin sinadari, a danne ta cikin zafi. Garin sai ya saki iska, robar ta tashi kamar yadda yis ke tayar da ƙullin fanke. Da ta huce, iskar ta maƙale a cikin ƙananan kumfa bila adadin, kowanne a rufe ruf. Idan yaro mai koyon zama ya tafi da baya, wannan kumfa ne ke tare ƙeyarsa kafin ta bugi siminti.

A nan ta rabu da soson katifa. Ramukan soson katifa a buɗe suke, suna haɗe da juna, shi ya sa yake shanye fitsari ya riƙe zarni. Ita kuwa fitsari da tumbuɗi a samanta suke tsayawa, tsumma da ruwan sabulu sun wadatar.

Sai dai garin da ke kumbura robar yakan bar ragowar wani sinadari da ake kira fomamaid, wanda Tarayyar Turai ta sa a jerin masu illa ga haihuwa da ɗan tayi. A watan Disamba na 2010 Beljiyam ta janye irin waɗannan tabarmi daga kasuwa, Faransa ma ta dakatar da sayar da su a cikin watan. A 2015 Tarayyar Turai ta kafa iyaka: soson wasan yara da fomamaid ɗinsa ya wuce miligiram 200 a kowane kilo, dole a auna yawan abin da yake fitarwa cikin iska kafin a yarda da shi. Dalilin damuwar a fili yake. Babba yana taka tabarma da ƙafa ne, jinjiri kuwa hancinsa na manne da ita, yana lasa, yana gwada dasashinsa a gefenta.

Wannan batu ya fi shafar mu a Baure ta ƙasar Daura fiye da mutanen Beljiyam, saboda zafi yana hanzarta fitar sinadari daga roba. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu kan haura digiri 40, ɗakin kwano da tsakar rana kuwa ba a magana. Kayan kuma yawanci daga kasuwannin Kano suke isowa ƙasar Daura, sau da yawa a cikin leda tsirara, babu sunan kamfani balle bayanin gwaji. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su, amma uwar da ke tsaye gaban mai shago hancinta da babban yatsanta kawai take da su.

To ta yi aiki da su. Ta buɗe ledar ta shinshina. Idan wari mai hawa kai ya bugi hanci, a bar wa mai shago kayansa. Rashin wari ba shaida ba ce cewa babu komai, don haka ko wadda aka saya, a warware ta a shanya a inuwa, ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa, ta yi kwanaki kafin yaro ya hau. A inuwa na ce, domin rana tsaka tana sa soson ya lanƙwashe, ya tsuke, daga baya ya riƙa farfashewa. Sannan ta danna da babban yatsa: mai kyau takan dawo nan take, mai arha takan bar gurbi. Ta goga farin ƙyalle mai laima a kai, in launi ya biyo shi, haka zai bi harshen yaro. Kaurin ya kai santimita ɗaya zuwa biyu in a kan siminti ko tayil za a shimfiɗa.

Wadda na fi jin tsoro ita ce mai haruffa da lambobi da ake cirewa a mayar. Tana da kyan gani, iyaye na sonta don ganin karatu a jiki, amma cikon harafi guda ɗan guntu ne da ke shiga baki. Masu gwajin kayan wasa suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, kwatankwacin maƙoshin yaro ɗan ƙasa da shekara uku. Duk abin da ya shige cikinsa, zai iya shaƙe yaro. Ga kuma haƙoran da ke haɗa falle da falle, inda ƙurar hunturu da ɓurɓushin abinci ke taruwa, kiyashi ya biyo. Ni a ganina falle ɗaya mai naɗewa ya fi, ko manyan falle masu faɗin santimita 60 marasa abin cirewa. Kowacce aka zaɓa, a riƙa ɗaga ta ana share ƙasa, don kunama na son irin wannan maɓoya.

A nisanta ta da kaskon turaren wuta, da garwashin ɗumama ɗakin maijego, da maganin sauro na kunnawa. Soso yana narkewa, yana kama wuta, hayaƙinsa guba ne.

Kuma wurin wasa ce, ba makwanci ba. Tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su daina kwantar da jariri rub da ciki idan zai yi barci, don rage mutuwar fuju'a. A kife shi a kan tabarmar yana farke, ana kallonsa, wuyansa ya yi ƙwari. Da ya fara gyangyaɗi a ɗauke shi, a kwantar da shi rigingine a cikin gidan sauro.