In Dambu Ya Yi Yawa



Waɗanda Allah ya ja kwanansu daga cikinku za su tuna zamanin da gida guda ne a unguwa ke da talabijin, yara su cika tsakar gidan tun bayan magariba suna dakon Samanja Mazan Fama na gidan talabijin na Kaduna, in ya ƙare a watse, a kwashe mako guda cur ana maimaita maganganunsa a bakin famfo da hanyar makaranta, alhali babu mahaluƙin da ya san abin da zai auku a gaba. Rabin daɗin nan, a ganinmu, a jiran yake.

Yau kuwa ni'ima ta yalwata. Tun da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, ta zo da Daɗin Kowa, ta biyo da Kwana Casa'in, sa'an nan a 2020 Labarina na Malam Aminu Saira da Izzar So suka mamaye wayoyi, ga finafinan Indiya masu fassarar Algaita, ga na Turkawa, har ya zamana wanda ya ƙudurta bin su duka, da shi da barci sai dai sallama. Daga nan shauƙi ke rikiɗa ya koma gundura: mutum na kallo yana hamma, yana tura hoton gaba da yatsa, ba don yana jin daɗi ba, sai don gudun kada gobe a majalisa a tarar an bar shi a baya. Hausawa sun riga sun yanke hukunci, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Babbar musibar kuma ita ce ta masu fasa ƙwai. Ka dawo daga kasuwa a gajiye, ba wuta, ka aika da waya wurin mai caji da niyyar in an yi isha'i ka zauna ka kalli kashin wannan mako na shirin da kake bi cikin natsuwa, kana karɓo ta ka buɗe WhatsApp, sai ga wani bawan Allah ya yanko ƙarshen ya ɗora, har da rubutu a ƙasa: "Innalillahi, ashe shi ne ya ci amanarta!" Shi ke nan, ya kashe maka dare. TikTok da Facebook ma ba su da tausayi, domin an gina su ne bisa lura da inda idonka ya daɗe, da zarar ka tsaya kan guntu ɗaya sai su yi ta jero maka 'yan'uwansa.

Magani yana cikin ƙana'a da tsakaitawa. Mutum ya zaɓi shiri ɗaya ko biyu ya riƙe, ya yafe sauran ba tare da jin ya yi hasara ba, ya kashe maɓallin nan na YouTube mai ɗora na gaba da kansa, ya toshe ƙarar zaurukan masoya shirin a ranar da sabon kashi ke fitowa har sai ya kalla. In kuma ya ji shirin ya fita ransa, to ya ajiye shi, ba bashi ba ne da za a biyo shi.

Ku kuma da kuka riga kowa kallo, don girman Allah ku riƙa tambayar ɗan'uwa, "Ka ga na jiya?" kafin ku buɗe baki. In ya ce bai gani ba, ku sako zancen farashin masara.

Mu kwana nan, sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.