An gina masai, ina za a kai abin da ke ciki?

A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. An yi ta yabo, kuma jihar ta cancanci yabon. Sai dai a daminar shekarar ce ambaliya ta mamaye garuruwan bakin kogi irin su Ringim da Haɗeja, ruwa ya shiga masai ya fito da abin da ke ciki. Nan ne giɓin shirin tsafta da gwamnatin Buhari ta ƙaddamar a 2019: ana ƙirga ramukan da aka haƙa, ba a tambayar inda ƙazantar za ta idan rami ya cika.

Kowa a ƙaramin gari ya san amsar. Idan masai ya cika, maigida ya kira 'yan gidan-kowa-da-akwai. Su zo cikin dare da bokiti da durom a kan kura, su kwashe, su juye a kududdufi ko gonar bayan gari. Mai hali ya ɗauko motar zuƙa, ita ma can za ta zubar, don babu wurin da hukuma ta tanada. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa rariya yake bi zuwa kwata, kwata ta kai shi kududdufin. Da damina ta kankama, kududdufi ya tumbatsa cikin kogi.

Garuruwan kwarin kogin Haɗeja jere suke a kan ruwa ɗaya. Abin da Wudil ta zubar, shi Ringim za ta yi wanki da shi. Na Ringim ya gangara Haɗeja, ya ƙarasa fadamar Nguru inda masunta da manoman shinkafa ke cin abinci. Ga shi ruwan ƙasa a fadama kusa yake, rijiya da masai kuma sukan haɗa katanga ɗaya a gida. Kwalarar 2021, wadda ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, Kano da Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Ruwan sha da ya haɗu da bayan gida shi ne hanyarta.

Wasu za su ce a bar talaka ya sarara, ai majemun Sharaɗa da Challawa a Kano ne ke lalata kogin da sinadaran jima. Gaskiya ne, kuma hukumar kare muhalli ta NESREA da aka kafa tun 2007 tana da tambayar da za ta amsa. Amma sinadarin jima ba ya kawo amai da gudawa, kuma ko an rufe majemun gobe, ƙazantar garuruwa za ta ci gaba da shiga ruwa.

Hujjar rashin kuɗi ma ba ta da ƙarfi. Ƙaramin gari ba ya bukatar matata mai injuna irin ta Wupa a Abuja, wadda ke dogara da wutar lantarki. Tafkuna uku a jere sun isa: na farko mai zurfi inda dauɗa ke kwantawa, sauran biyun marasa zurfi inda rana da gansakuka ke kashe ƙwayoyin cuta cikin 'yan makonni. Lakar da ta kwanta a shanya ta, ta zama taki. Fili ake bukata, a tudun da ambaliya ba ta kaiwa, da ma'aikata kaɗan.

Abin da ya rage shi ne mai ɗaukar nauyi. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are madatsun Tiga da Challawa da noman rani ta sa a gaba, ƙananan hukumomi kuwa shara ma ta gagare su. Ya kamata jihohin Kano da Jigawa su wajabta wa kowace hedikwatar ƙaramar hukuma da ke bakin kogi ware filin tafkunan, a yi wa masu kwasa rajista, a ba su safar hannu da takalma, a kuma ci tarar duk wanda ya juye a wani wuri.