Kututturen da Bai Mutu Ba

A farkon shekarun 1980, duk wanda ya ratsa karkarar Maraɗi da rani gonaki zai gani fetal, ba inuwa, iska na kwasar ƙasa. A wancan zamani manomin kirki shi ne wanda ya yi sassabe ƙal, bai bar ko tsiro ɗaya ba. Ga kuma dokar da aka gada daga Faransawa: itace na gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji na iya cin mutum tara a kan bishiyar da ke tsakiyar gonarsa. Wa zai so abin da ke jawo masa tara?

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, ya tsaya ya dubi 'yan tsirran nan da ake sarewa kowace shekara. Ashe tohon tsofaffin kututture ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin kaɗan ne: a bar 'yan rassa masu ƙarfi, a datse sauran, a tsare su daga awaki. Manoman da suka fara sun sha dariya, aka ce ƙazantar gona ce. Sannu a hankali maƙwabci ya koya daga maƙwabci, hukuma ta sassauta, har aka ƙiyasta bishiyoyi miliyan 200 sun farfaɗo a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Ni dai abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yadda idon manomi ya sauya. Ka tambayi dattijo a ƙasar Damagaram labarin gawo, ka ji yadda zai bayar da shi kamar labarin ɗan'uwa. Da damina gawo yakan zubar da ganye, gero ya sha rana a ƙarƙashinsa. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, shanu da tumaki su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar taki. Dattijon ya san halin kalgo, ya san na sabara da aduwa, kowanne da amfaninsa.

Wannan shaƙuwa a hannu take farawa. Mutumin da ya datse reshe da wuƙarsa, ya dawo bayan shekara biyu ya tarar tsiron ya kere shi tsawo, da wuya ya iya ɗora masa gatari, kuma ɗan da ya riƙe masa wuƙar a ranar ba zai manta sunan bishiyar ba.